Tsofaffin waƙoƙin Indiya a ƙasar Hausa

Tsofaffin waƙoƙin Indiya suna ne da Hausawa ke kiran waƙoƙin finafinan harshen Hindi waɗanda aka yi a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, daga shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Waƙoƙin sun shigo arewacin Najeriya da kudancin Nijar ta gidajen silima, daga nan suka bi rediyo, kaset, talabijin da bidiyo har suka isa garuruwa da ƙauyukan da ke nesa da manyan birane, irin na ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura a arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

Mafi yawan masu riƙe da waɗannan waƙoƙi a yau magidanta ne da shekarunsu suka kama daga 45 zuwa 65, wato waɗanda suka yi ƙuruciya da samartaka a lokacin da finafinan Indiya ke tashe. Da yawansu ba su jin Indiyanci, amma suna iya rera waƙa tun daga farko har ƙarshe, su faɗi fim ɗin da ta fito a ciki da jarumin da ya hau ta. An fi sanin waƙoƙin Indiya da soyayya, sai dai akwai wani rukuni nasu na raha, abota da ƙarfafa gwiwa, kuma shi ne wanda magidanci ke iya kunnawa a shago ko a mota ko a majalisa ba tare da jin nauyin kowa ba.

Shigowarsu Kano

Turawa ne suka kawo majigi, amma gidajen silima na kasuwanci yawanci Kwarori ne suka gina su, wato 'yan kasuwa 'yan asalin Labanan da Siriya. An buɗe silimar Rex a Kano a shekarar 1937. Tun farko harkar ba ta da kyakkyawan suna a idon malamai da dattawan birni, kuma gobarar silimar El Duniya ta watan Mayun 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa mutane ƙyamar wurin, domin da yawa sun ɗauke ta a matsayin azaba. Duk da haka an buɗe silimar Palace a cikin birni, a wajen Jakara, jim kaɗan bayan gobarar. Daga baya gidajen silima irin su Plaza, Orion, Eldorado, Wapa da Marhaba suka zama wuraren da samarin Kano ke tururuwa bayan faɗuwar rana, da yake yawancinsu ba su da rufi, sai duhu ya yi ake iya haska fim.

A shekarun 1950 ne masu rarraba finafinai suka fara gwada na Indiya, saboda sun fi na Amurka araha. Abin ya karɓu fiye da yadda suka zata. Fim ɗin Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, an yi ta maimaita shi a Kano shekara da shekaru, 'yan kallo suna bin waƙoƙinsa da baki tun kafin jaruma Nargis ta buɗe nata. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, a bar wa na Amurka dare ɗaya, na 'yan Cana dare ɗaya. Ya kuma rubuta laƙabin da 'yan kallo suka raɗa wa jarumai: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace.

Silima wuri ne na maza. Matar aure ko budurwar da ke tsoron a ɓata mata suna ba ta zuwa. Talabijin ce ta shigar da finafinan cikin gida. Gidan NTA Kano ya fara nuna su a 1977, kuma bisa ƙididdigar Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya nuna fiye da 1,000 kafin tsakiyar 2003. Gidan CTV 67 na gwamnatin jiha, wanda aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kuma yanzu ake kira ARTV, shi ma ya bi sahu.

Hanyarsu zuwa Kazaure da maƙwabtanta

Kazaure tana kan titin Kano zuwa Daura, kusan kilomita 80 daga Kano, bayan an wuce Dambatta. Masarautar, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Babura kuwa tana cikin masarautar Ringim, kuma tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Duk yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 27 ga Agustan 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jigawa. Ke nan a shekarun da waɗannan waƙoƙi suka fi tashe, Kano ce babban birnin jihar mutanen yankin. Can suke zuwa makaranta da sarin kaya, kuma gidajen rediyo da talabijin na Kano su ne nasu, tare da Rediyon Kaduna wanda ake kamawa a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

Matashin ƙauye ya fi haɗuwa da silima a lokacin cirani. Idan an gama girbi samari sukan tafi Kano su yi dako, ga-ruwa, wankin takalmi ko tireda, wasu su ware ɗan abin da za su shiga silima da shi. Idan damina ta kawo kai sai su koma gida da labarin fim a baki, wani lokaci da rikoda a kafaɗa. Ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin man fetur na wancan zamani, sun sa rediyo mai kaset ta yawaita a hannun malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma da direbobi. Kusan duk na'urorin 'yan Japan ne, kirar National, Sony, Sharp ko Sanyo, kuma da batir suke aiki, don haka rashin wutar lantarki bai hana su shiga ƙauye ba.

Kaset ya sauya lamarin baki ɗaya. Faifan garmaho yana da tsada kuma yana fashewa, amma kaset kowa na iya kwafa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset-kaset na waƙa da na wa'azi, daga baya har da na bidiyo, waɗanda na Indiya da yawa ta Dubai suke biyowa. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa ke ɗauka su bi kasuwannin mako-mako da su. Bayan 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi kuma shigo da fim na majigi ya yi tsada, gidajen kallo masu talabijin, bidiyo da janareta suka maye gurbin silima a ƙananan garuruwa. A tsallaken iyaka ma haka abin yake, domin Damagaram da Maraɗi sun daɗe da son finafinan Indiya, kuma kaya da mutane ba su fasa kai da kawowa tsakanin ɓangarorin biyu ba.

Mawaƙan bayan fage

A finafinan Indiya ba jarumi ne ke rera waƙa ba. Mawaƙi ne ke rera ta a ɗakin ɗaukar murya, jarumin ya motsa baki a gaban kyamara. An fara wannan tsari a 1935, shekara huɗu bayan Alam Ara, fim na farko mai magana a Indiya. Saboda haka muryoyi ƙalilan ne suka riƙe dubban waƙoƙi na tsawon shekaru kusan 40.

A cikin maza, Mohammed Rafi (1924 zuwa 1980) shi ne wanda Hausawa suka fi ambata, wataƙila har da dalilin sunansa da addininsa, amma muryarsa ce ta fi kowace iya juyawa daga kuka zuwa raha. Mukesh (1923 zuwa 1976) shi ne muryar Raj Kapoor. Kishore Kumar (1929 zuwa 1987) ya mamaye shekarun 1970 a bakin Rajesh Khanna da Amitabh Bachchan. Shi ɗan wasan barkwanci ne tun asali, bai yi karatun kiɗan gargajiya ba, kuma yana da wata karyar murya mai tsalle daga ƙasa zuwa sama wadda ya koya daga faya-fayan mawaƙan karkara na Turawa. A ɓangaren mata akwai Lata Mangeshkar (1929 zuwa 2022) da ƙanwarta Asha Bhosle. Masu tsara kiɗa da suka yi fice sun haɗa da Naushad, Shankar da Jaikishan, Kalyanji da Anandji, Laxmikant da Pyarelal, R. D. Burman da Bappi Lahiri.

Waƙoƙin raha da ƙarfafa gwiwa

Tushen wannan rukuni yana komawa ga Raj Kapoor, wanda a finafinan Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955 ya fito a matsayin talaka mai yagaggen kaya da ke tafe yana waƙa, aljihu wayam amma fuska a sake. Ƙaninsa Shammi Kapoor ne ya shigo da kiɗan rok na Turawa cikin harkar. A Junglee na 1961 ya gangaro kan ƙanƙara da ihu cikin wata waƙar Rafi, a Teesri Manzil na 1966 kuma ya fito a matsayin makaɗin ganga a otal, R. D. Burman ya cika kiɗan da jita mai lantarki da ƙahonni. Indiyawa kan kwatanta shi da Elvis Presley.

Amma waƙoƙin da magidantan yau suka tashi da su na shekarun 1970 ne da farkon 1980. A gaba akwai waƙar abota ta fim ɗin Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni kuma ya fito ranar 15 ga Agustan 1975. Kishore Kumar da Manna Dey ne suka rera ta, Dharmendra da Amitabh Bachchan suka hau ta a kan babur mai akwatin zama a gefe, a matsayin ɓarayi biyu da suka yi alkawarin ba za su rabu ba. Mai kallon da ya san ƙarshen fim ɗin ya san ɗayansu zai mutu, kuma ana maimaita waƙar a hankali a wajen mutuwar. Wannan ne ya sa take da nauyi biyu ga mutumin da ya kai shekara 55: ya ji ta yana yaro a matsayin waƙar wasa, yanzu kuma yana jin ta bayan ya binne wasu daga cikin abokan da suka kalli fim ɗin tare. Dharam Veer na 1977, Dostana na 1980 da Yaarana na 1981 duk sun bi wannan turba ta aminci tsakanin maza biyu, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar da babban aboki ke da matsayi a aure, suna da rabon sirri.

Sai waƙoƙin talaka mai alfahari da guminsa. A Coolie na 1983 Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Iqbal, ɗan dako Musulmi a tashar jirgin ƙasa mai lambar 786 a hannu, kuma waƙar 'yan dakon da Shabbir Kumar ya rera tana ɗaukaka masu ɗaukar kayan wasu. A fim ɗin akwai kuma waƙar rakiyar maniyyata aikin Hajji. Ba abin mamaki ba ne fim irin wannan ya shiga ran ɗan ciranin da ya wuni yana dako a Sabon Gari ko Kantin Kwari. A Muqaddar Ka Sikandar na 1978 jarumin maraya ne da ke ratsa titunan Bombay a kan babur yana waƙar fuskantar ƙaddara da dariya, kamar yadda Rajesh Khanna ya yi a Andaz na 1971.

Akwai kuma na raha zalla. Haathi Mere Saathi na 1971 yana da waƙar da giwaye ke tura motar da ta mutu, kuma yara sun fi kowa son ta. Amar Akbar Anthony na 1977, labarin 'yan'uwa uku da suka rabu suna ƙanana, ɗaya ya tashi a Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, yana da waƙar da Amitabh ya fito daga cikin wani ƙaton ƙwai yana zuba Turancin da ba shi da kai, da kuma ƙawwalin da Rafi ya rera wa Rishi Kapoor. Ƙawwali salon waƙar Sufayen Indiya da Pakistan ne, mai jagora da 'yan amshi da tafi, don haka kunnen Bahaushe bai sha wahalar kama shi ba. A Don na 1978 akwai waƙar ganyen da Indiyawa ke taunawa kamar yadda ake cin goro. A Yaarana jarumin ya yi rawa a filin wasa da riga mai ƙananan ƙwayayen lantarki suna walƙiya.

Zamanin disko ya zo da Qurbani na 1980, inda wata yarinya 'yar Pakistan, Nazia Hassan, ta yi waƙar da ta ba ta lambar yabo ta Filmfare tana da shekara 15. Disco Dancer na 1982 ya biyo baya, da Mithun Chakraborty da kiɗan Bappi Lahiri, labarin yaron titi da ya zama zakaran rawa. Fim ɗin ya ci kasuwa a Tarayyar Sobiyet da sassan Afirka da Asiya da dama. Masu sukar kiɗa a Indiya ba su ɗauki waɗannan waƙoƙi da daraja ba, kuma gaskiya ne baitocinsu ba su kai na zamanin Rafi zurfi ba, amma su ne suka fi saurin sa mutum ya motsa kafaɗa.

Aron kiɗa bai tsaya ta hanya ɗaya ba. Waƙar "Tama" ta Mory Kanté, mawaƙin ƙasar Gini, wadda ta fito a kundinsa na 1987, ita ce tushen waƙoƙi biyu da suka yi tashe a Indiya, ɗaya a Thanedaar na 1990, ɗaya a Hum na 1991. Bahaushen da ya saye su a kaset a matsayin waƙoƙin Indiya, kiɗan Afirka ta Yamma ne ya dawo masa ta Bombay.

Waɗanda ke cikin shekaru 40 da 'yan kai sun fi kusa da rukunin ƙarshe, wato Qayamat Se Qayamat Tak na 1988, Maine Pyar Kiya na 1989 da Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, da muryoyin Udit Narayan, Kumar Sanu da Alka Yagnik. Tsakaninsu da yayyensu akan yi musun wane zamani ya fi, kuma musu ne da ba ya ƙarewa.

Abin da ya sa suka shiga rai

Harshen waƙoƙin cakuɗe ne na Hindi da Urdu, kuma Urdu cike yake da kalmomin Larabci da Farisanci. Yawancin manyan marubutan baitocin, irin su Sahir Ludhianvi, Majrooh Sultanpuri, Shakeel Badayuni da Hasrat Jaipuri, Musulmi ne da suka fito daga al'adar waƙar Urdu. Bahaushe na sauraro sai ya tsinci duniya, zamani, nasibi, imani, salam da shaiɗan, wasu kamar yadda yake faɗarsu, wasu da ɗan bambanci. Waɗannan kalmomi, tare da abin da ido ya gani a fim, sun isa su ba shi jigon waƙar. Sauran kuwa ya cike da nasa, kuma yara sun sha mayar da baitin Indiyanci zuwa kalmomin Hausa masu kama da shi a sauti, ko da ba su da ma'ana.

Kiɗan ma bai yi nisa da kunne ba. Murya ɗaya ce ke jan karin waƙa, ganguna irin tabla da dolak suna biye, ga sarewa mai kama da ta makiyaya. Musayar baiti tsakanin namiji da mace ta yi kama da ba-ni-in-ba-ka na dandali. Labaran kuma na auren dole ne, biyayya ga iyaye, mai kuɗi da talaka, kunya tsakanin saurayi da budurwa, abubuwan da finafinan Amurka ba su damu da su ba.

Akwai dalili na shekaru. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa mutumin da ya manyanta ya fi tuna abubuwan da suka same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30 fiye da na kowane lokaci, kuma waƙoƙin da ya ji a wannan tsakani su ne suka fi manne masa. Magidancin da ke fama da cefane, kuɗin makaranta da tsadar taki, idan ya kunna waƙar Sholay, lokacin da ba shi da waɗannan nauye-nauye yake komawa.

Goge, bandiri da finafinan Hausa

Makaɗan Hausa sun fara aron karin waƙoƙin Indiya tun shekarun 1960. Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati ya ɗora mata baitocin Hausa, kuma a kan wannan kari ne Ali Makaho ya gina waƙarsa ta "Mandula". Manyan makaɗan fada da na jama'a, irin su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata, sun tsaya kan nasu salon, kuma magidancin da ke son Rafi yawanci yana son Shata. A memori ɗaya ake samun su.

Aro mafi girma ya faru ne a fagen bege. A shekarun 1980 ɗaliban makarantun Islamiyya da matasa masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na Indiya suna mayar da su yabon Annabi (SAW). Bandiri ganga ce da 'yan Ƙadiriyya ke amfani da ita wajen zikiri, kuma gidan Shehu Nasiru Kabara ne cibiyarta a Kano. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ma sunanta Ushaƙu Indiya. Hujjarsu ita ce matasa sun riga sun kamu da karin, gara a cika shi da abin da zai amfane su.

Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sun gaji tsarin waƙa da rawa daga Indiya, har da mawaƙan bayan fage. Kayan kiɗan kuwa fiyano ce ta kamfanin Yamaha na Japan, wadda ke kwaikwayon sarewa, ganga da goge, mutum ɗaya ya yi aikin ƙungiya guda. Fim ɗin Sangaya, a ƙarshen shekarun 1990, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Daga wannan tushe kiɗan nanaye ya fito.

Suka

Tun zamanin silima malamai da dama suke ganin finafinan Indiya suna koya wa matasa bijire wa zaɓin iyaye da ɓata lokaci. Wannan zargi ya koma kan littattafan soyayya na Kano, sannan kan finafinan Hausa. Game da bandiri, 'yan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, sun ƙi kiɗa a cikin ibada ɗungurungum. Ko a cikin 'yan ɗariƙa akwai masu cewa wanda ya san fim ɗin, idan ya ji karin, rawar jaruma zai tuna ba yabo ba, kuma wasu karin asalinsu waƙoƙin bautar Hindu ne. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a shekarar 2000, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a watan Disamba, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001.

Akwai kuma suka ta ɓangaren masu kishin al'ada, waɗanda ke cewa karin Indiya da fiyano sun ture kalangu, kukuma, gurmi da kuntigi, har 'ya'yan makaɗa suka daina gadon iyayensu. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake raguwar iyayengida masu kyauta da sauyin bukukuwa su ma suna da hannu. Sakamakon duk wannan shi ne mutane da yawa da suka girma da waƙoƙin suna ɗan ɓoye son su. Wani ya bar su gaba ɗaya bayan ya manyanta ko ya dawo daga Hajji, wani ya rage murya idan 'ya'yansa ko surukansa na kusa.

Makamancin haka a Japan

Ba Hausawa kaɗai ne ke da waƙoƙin da magidanta ke komawa gare su ba. A Japan akwai kalmar natsumero, wato karin da ke tuna baya, kuma wurin rera su shi ne karaoke, na'urar da ke kunna kiɗa ba murya don mutum ya hau da tasa. Ta yaɗu daga mashayun birnin Kobe a farkon shekarun 1970, kuma ma'aikatan kamfanoni masu matsakaicin shekaru ne kwastomominta na farko. Suna da rukunin waƙoƙin ƙarfafa gwiwa na musamman. "Makenaide" ta ZARD, mai ma'anar kada ka sare, ta fito a 1993 daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali. "Ashita ga Aru sa", wato akwai gobe, Kyu Sakamoto ne ya yi ta a 1963, kuma ƙungiyar rok ta Ulfuls ta sake ta a 2001 bayan wata tallar kofi da ta nuna rayuwar ƙananan ma'aikata ta farfaɗo da ita.

Shi wannan Sakamoto shi ne ya yi waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka a 1963 da sunan "Sukiyaki", sunan wani abinci da ba shi da alaƙa da baitocinta. Amurkawa sun saye ta ba tare da jin Japananci ba, kamar yadda Kanawa suka haddace Rafi. Japan ɗin ma ta ɗanɗana nata son Indiya: fim ɗin Muthu na Rajinikanth, na harshen Tamil, ya cika gidajen silima a Tokyo a 1998. Bambancin shi ne ɗan Japan yana tashi ya rera waƙarsa a gaban abokan aiki da maigidansa, Bahaushe mai iyali kuwa kunya da girma sun fi barinsa ga sauraro da ɗan gunguni.

Halin da ake ciki

Yawancin tsofaffin gidajen silima na Kano sun daina aiki, wasu sun zama shaguna da rumbunan ajiya, Palace kuma tuni aka mayar da ita asibiti. Kaset ya ba wa faifan CD wuri, shi kuma ya ba wa memori. Tun bayan shigowar wayar salula a 2001 da yaɗuwar wayoyi masu ɗaukar waƙa, masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa da tasha ne ke riƙe da taskar, kuma sukan ware tsofaffin Indiya a jaka daban da sababbi. Gidajen rediyon FM na Kano da Jigawa, waɗanda suka yawaita bayan buɗe Freedom Radio a 2003, sun ci gaba da ba waƙoƙin Indiya fili, kuma an samu Hausawa da suka koyi Indiyanci daga kallo kawai har suna fassara baitoci ga masu sauraro. A Facebook da WhatsApp akwai zaurukan masoya tsofaffin finafinai inda ake musayar waƙoƙi da gardamar shekarar da fim ya fito.

Matasa sun fi sanin Indiya ta finafinan da aka juya zuwa Hausa, irin na kamfanin Algaita, waɗanda da yawansu na kudancin Indiya ne, na harsunan Telugu da Tamil, masu yawan faɗa, da kuma dogayen shirye-shiryen da tashar Arewa24 ta fara nunawa bayan buɗe ta a 2014. A waɗannan, labari da zancen da aka fassara ne ke jan mai kallo, ba waƙa ba. Lata Mangeshkar ta rasu ranar 6 ga Fabrairun 2022, Bappi Lahiri ya bi ta kafin watan ya ƙare, kuma kafofin labarai na Hausa sun ba da labarin rasuwar Lata kamar yadda suke ba da na manyan mawaƙan gida.